Fito da Dare a Hannover

Ina cikin shekarata ta uku a birnin Hannover na ƙasar Jamus lokacin da abin ya faru, a ɗakin shan shayi na siton da nake aiki. Abokan aikina suna ta zancen tikitin wasan Scorpions, ni kuwa da zuciya ɗaya na tambaya ko su wane ne. Ɗakin ya yi tsit, sannan wata mata ta ce ai wanda bai san su ba bai fara zama a garin nan ba tukuna. Na koyi harshensu, ina biyan haraji, ban taɓa makara ba ko a tsakiyar hunturu, amma da magana ɗaya ta mayar da ni baƙon da ya sauka jiya, kuma na kwana da zafin maganar nan a raina.

Wani dattijo da muke ɗaukar kaya tare shi ne ya zaunar da ni washegari. Ya ce Scorpions ƙungiyar makaɗa ce ta garin nan, Rudolf Schenker ne ya kafa ta a 1965, kuma faifansu na farko ya fito a 1972. Abin da ya fi shiga raina shi ne labarin mawaƙinsu Klaus Meine, wanda muryarsa ta ɗauke a 1981 suna tsaka da aikin sabon faifai, har aka yi masa tiyata a maƙogwaro. Ya nemi su ɗauki wani a madadinsa, Schenker ya ƙi, suka jira shi ya warke, faifan ya fito a 1982. Wannan amana ce irin wadda na sani tun daga gida, kuma ita ta sa na fara ganin girmansu. Daga baya sun yi wasa a Tarayyar Soviet, a Leningrad a 1988 da Mosko a 1989, tafiyar da ta haifi waƙar Wind of Change. A 2010 sun sanar da rangadin ban kwana, sai kuma suka fasa ajiye kiɗan.

Ranar 5 ga Yuli, 2025, na bi dattijon nan zuwa filin ƙwallon garin, inda suka yi bikin cika shekara 60. Meine da Schenker duk sun haura shekara 75. Da aka zo kan waccan waƙar, wadda da fito take farawa, sai tsigar jikina ta tashi, domin a gidanmu na Damagaram Baba bai taɓa yarda yaro ya yi fito bayan magariba ba. Dubban mutane suna rerawa, wasu suna hawaye, ni kuwa fuskar Baba nake gani yana zaune a zaure da rikodarsa, kalangun Shata yana tashi a hankali.

Baba ya rasu ina nan, ban samu jana'izarsa ba. Kasa-kasansa suna cikin adakar Inna, zafi da ƙura suna cin su, babu wanda ya rubuta shekarar da aka ɗauki ko ɗaya daga cikinsu, alhali dattijon nan yana iya lissafa mini faifan mutanensa ɗaya bayan ɗaya da shekarunsu. Wannan ya fi maganar matar nan yi mini ciwo.

Da asuba na kira gida. Na ce, “Inna, don Allah kada a ba kowa kasa-kasan Baba, zan aiko da kuɗi Auta ya kai a juye su a waya.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce rikodar ma tana nan, ita ce take goge ta duk ranar Juma'a, kuma ta tambaye ni ko zan zo babbar sallah.