Kogin da ya yi kwana a Nafada

A ajin labarin ƙasa mun haddace kogin Gongola kamar karatun allo: ya taso daga gabashin tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi yana fuskantar arewa maso gabas, a Nafada ya yi kwana ya gangara kudu, ya karɓi ruwan Hawul, ya faɗa Binuwai a Numan. Da wannan na ci jarrabawa. Amma shuɗin layin da ke kan taswira ba ya faɗa maka ko damina ce ko rani.

A watan Maris aka kai mu Nafada aikin fili. Na sauka da igiyar awo ina neman kogi, sai ga yashi shimfiɗe har ido ya gaji, ruwa ɗan siriri yana bin gefe guda, shanu na tsallaka shi ko gwiwarsu bai kai ba. Nan da nan na auna faɗin ruwan, na rubuta cewa shi ne faɗin kogi.

Wani dattijo mai lambun albasa yana kallona. Ya ce, "Ɗan nan, me kake aunawa?"

Na ce, "Kogi, Baba."

Bai yi musu ba. Ya ja ni zuwa wata bishiya can sama da gaɓa, ya nuna mini busasshen yayi da kara maƙale a reshe, sama da kaina. Ruwan Agusta ne ya ajiye su. Muna dawowa muka wuce 'yan mata sun tona rami a tsakiyar yashi, kamu biyu ko uku, suna kwarfar ruwa garau da ƙwarya. Injinan ban-ruwan da ke ta ƙara a fadama ma daga ƙarƙashin yashin nan suke ja. Ashe kogin yana nan a sama da ni da kuma ƙarƙashin ƙafata, ni ko na tsaya kan abin da ido ya gani.

Bayan mako biyu muka je Dadin Kowa, inda aka datse kogin a 1984. Ƙasa da madatsar ruwa na gudu ko da rani, don can mai riƙe da ƙofar dam ne ke yi masa damina. Kogi ɗaya, hali biyu.

A daren da muka dawo Gombe na yage shafin awona na Nafada. Sabon da na rubuta daga gindin bishiyar nan ya fara.