Wata bakwai ina kiwon ƙwayoyin da ba su ba ne

A Guangzhou na yi digirina na biyu, kudancin Sin, inda sankarar bayan hanci ta yi katutu har ake ce mata cutar Kanton. A lungun da hanci ya haɗu da maƙogwaro take tsirowa. Sau da yawa ba a farga sai ƙullutu ya fito a wuya, lokacin kuwa ta riga ta yi ƙaura.

Ƙaurar nan aka ce in bincika. Akwai furotin E-cadherin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna kamar danƙo. Ƙwayar cutar Epstein-Barr kuma, wadda ake dangantawa da wannan sankara, tana da nata furotin, LMP1, mai sa a lafta sinadarin metil a ƙofar ƙwayar gadon da ke samar da danƙon. Ƙwayar gadon na nan lafiya lau, kwaɗo kawai aka danna mata. Danƙo na yankewa, kowace ƙwayar sankara sai ta kama gabanta.

Nakan shuka ƙwayoyin CNE2, waɗanda aka ce na sankarar bayan hanci ne, da muka cusa wa LMP1, a faranti, a ɗumin digiri 37, har su rufe shi ruf. Sai in ja layi a tsakiya da tsinin roba, in ɗauki hoto, in dawo bayan awa 24 in ga ko ƙwayoyin sun yi tafiya sun rufe layin. Da na zuba decitabine, maganin da ke cire metil, layin ya ƙi rufewa. Ranar har gida na buga waya.

Wata da ta girme ni a ɗakin binciken ta kalli hotunan, ta ce, "Tafiya suka daina, ko haihuwa?" Na yi tsuru-tsuru. Maganin yana rage musu hayayyafa, ni kuwa ban raba biyun ba. Na sake komai da mitomycin C, mai tsayar da rabuwar ƙwaya.

Ashe da sauran rina a kaba. Gwajin tantance asali ya nuna CNE2 ɗin sun gauraya da HeLa, ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da aka ɗebo daga Henrietta Lacks a 1951. An daɗe da rubuta haka a mujallun bincike, ni ne ban karanta ba.

Na koma kan C666-1, wasu ƙwayoyin sankarar bayan hanci masu riƙe Epstein-Barr ɗinsu. Girmansu kamar tafiyar hawainiya. Kafin in taɓa su na aika samfuri a tantance, na zauna jiran sakamako.