Darussan da Na Koya Kan Tsoka da Allura

A ajin nazarin sassan jiki, abin da ake fara haddacewa shi ne tsokar mutum iri uku ce: ta zuciya, da mai santsi wadda ke bangon hanji da mafitsara da hanyoyin jini, sai wadda ke manne da ƙashi. Wannan ta ukun yawanta ya haura 600, kuma tana ɗaukar kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin babban namiji. Ita kaɗai mutum ke motsawa da son ransa, kuma ita ake soka wa allura. Amfanin haddar ba ya fitowa sai ranar da aka riƙe sirinji.

Ana zaɓar tsoka ne saboda jini na gudana a cikinta sosai, magani ya fi saurin shiga jiki fiye da idan ya tsaya a kitsen ƙarƙashin fata. Shi ya sa ake shigar da allurar a tsaye cak, ba a karkace ba, kuma tsawonta ya dace da jikin mai shi. Gajeriyar allura a jikin mai ƙiba kitse kawai take iskewa, maganin ya taru, wurin ya kumbura, wani lokaci ya zama ƙurji.

Ɗuwawu ne wurin da aka fi yin ɓarna, don ana ganin faɗinsa a ɗauka ko'ina aka soka daidai ne. Tsokarsa ce mafi girma a jiki, amma a ƙarƙashinta babbar jijiyar sayatik ta ratsa, mai kaurin yatsa, wadda ke kai saƙo har tafin ƙafa. Ana raba ɓari ɗaya gida huɗu da layi a tsaye da layi a kwance, a yi allurar a gidan sama na waje, wajen ƙugu. Idan aka gangaro ƙasa ko tsakiya aka taɓa jijiyar, majiyyaci zai ji kamar lantarki ya ja shi zuwa ƙafa. Nan take a zare allurar, kada a tura maganin. Idan jijiyar ta lalace, tsokokin da ke ɗaga gaban ƙafa ne sukan daina aiki, sai mutum ya riƙa jan yatsunsa a ƙasa, yana ɗaga gwiwa sama kafin ya taka. Wasu kan warware bayan watanni na gashi da motsa jiki, wasu kuwa shi ke nan. Magani mai cin nama irin su kwinin, ko kusa da jijiyar ya zuba yana iya lalata ta.

Jaririn da bai fara tafiya ba tsokar ɗuwawunsa ba ta ginu ba tukuna. Nasa wurin shi ne cinya: a raba tsawonta uku, a ɗauki na tsakiya, gefen gaba ta waje. Nan ake yin rigakafin Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, a mako 6, 10 da 14 da haihuwa, rabin mililita kowane zuwa.

Tsokar saman damtse kuwa ƙarama ce, ba a cika wuce mililita 1 ba. A laluba ƙashin kan kafaɗa, a sauko faɗin yatsu biyu zuwa uku. Wanda ya yi sama da haka zai iya shiga gaɓar kafaɗa, wanda ya yi ƙasa da yawa zai iya samun jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu.

Abin da ake yawan rainawa shi ne sakin jiki. Tsokar da aka ɗaure ta fi jin zafin allura. Mai karɓa a damtse ya saki hannunsa ya rataya, mai karɓa a ɗuwawu ya kwanta rub da ciki ya juya yatsun ƙafa ciki. A tsaye ana dogara da ƙafar da za a soka, a ganina, gaggawa ce kawai ba ƙwarewa ba. Idan kuma allurai da yawa za a yi a jere, a riƙa sauya wuri, domin sokar cinya ɗaya kullum kan sa tsokar ta yi tabo ta ƙanƙance, har gwiwar yaro ta kasa lanƙwashewa.