Godiya bayan dawowarmu daga Birnin Ƙudus

Alhamdulillahi, ni da Hajiyarmu mun dawo lafiya daga ziyarar Birnin Ƙudus. Tun muna can saƙonninku ke shigowa, masu tambayar jikin Hajiya da masu cewa a sa su a addu'a. Bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba, shi ya sa na zo nan in gode muku a bainar jama'a.

Bayan Allah, samarin tawagarmu ne a gaba. Wanda bai taɓa shiga cikin ganuwar tsohon birnin ba ba zai san nauyin abin da suka yi mana ba. Daga Babul Amud, ɗaya daga ƙofofin ganuwar, matattakala ce ta dutse take gangarawa cikin kasuwa, lunguna matsattsu, duwatsun daɓen kuma sun yi santsi saboda sawun jama'a. Hajiya ga ciwon gwiwa, keken da muka zo da shi kuma ya ƙi tafiya. Ba wanda ya roƙe su, yaran nan suka naɗe hannun riga suka ɗaga keken da ita a ciki, biyu gaba biyu baya. Tana ta cewa, "Ku sauke ni haka, 'ya'yan nan, kun gaji." Ɗaya daga cikinsu, gumi na ɗiga a haɓarsa, ya ce, "Hajiya, ai ladan muke nema, kada ki hana mu." Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku fiye da haka.

Sai malamin da ya yi mana jagora, ɗan asalin garin. Shi ya nuna mana cewa ta Babul Asbaɗ shigar ta fi sauƙi ga mai keke, kuma bai taɓa gaggauta mu ba. A bakinsa da yawa cikinmu suka fahimci cewa Masallacin Aƙsa shi ne harabar gaba ɗaya, da duk abin da ke cikinta. Ginin nan mai ƙubbar zinariya da muke gani a hotuna, Ƙubbatus Sakhra ke nan, wanda aka gina a zamanin Halifa Abdul Malik bn Marwan, shekara ta 72 bayan Hijira. A cikin Masallacin Ƙibli kuwa, wato ginin salla da ke ɓangaren alƙibla na harabar, ya tsayar da mu gaban mumbari, ya ba mu labarin na asalin: Nuruddin Zangi ya sa aka sassaƙa shi a Halab, Salahuddin ya kawo shi bayan ya karɓo Ƙudus a 1187, ya kai shekarar 1969 kafin wani ya cinna wa masallacin wuta ya ƙone. Wanda ke wurin yanzu a 2007 aka kafa shi. Muryarsa ta yi rawa a nan, mu ma hawaye muka yi. Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara ilimi mai amfani.

Shi ne kuma ya kai mu maƙabartar Babur Rahma, a gindin ganuwa ta gabas, muka yi sallama ga Sahabbai biyu, Ubada bn Samit da Shaddad bn Aus, Allah Ya ƙara musu yarda. Ganuwar kanta aikin Sultan Sulaiman ce na Daular Usmaniyya, daga 1537 zuwa 1541. Mun yi azahar a Masallacin Umar, daura da Cocin Ƙiyama, inda masu tarihi suka ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi yin salla cikin cocin don kada Musulmi su karɓe shi daga baya. Har yau mabuɗin cocin yana hannun wani gidan Musulmi. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Ba zan manta da 'yan'uwanmu baƙar fata da ke zaune daf da Babul Majlis, ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa, ba, jikokin waɗanda suka zo daga Najeriya, Chadi, Senegal da Sudan, wasu bayan sun sauke farali, suka zauna a maƙwabtakar masallacin. Wani dattijo ya ji muna hira, ya waiwayo ya ce, "Sannunku da zuwa." Hajiya ta kasa magana. Suka shimfiɗa mata kujera a inuwa ta huta har la'asar. Baba, mun gode da karamci.

Direbanmu da ya jure jira a bakin shingayen bincike ba tare da ɓata fuska ba, da likitar da ke cikin tawagar wadda take duba ƙafar Hajiya kowane dare, da ƙannena da suka riƙe gida, duk Allah Ya biya ku.

Hajiya ta ce in shaida wa waɗanda suka ba ta saƙon addu'a cewa ta isar, da sunan kowa, bayan sallar asuba a cikin Masallacin Ƙibli. Ta kuma roƙa ku ma ku riƙa sa mutanen Ƙudus a taku addu'ar, Allah Ya kawo musu sauƙi.