Gajiyar 'Yan Gem da Wasan Intanet, da Lissafin Mai Shago

Duk mai shagon gem da ya daɗe a harkar ya san irin wannan kwastoma. Ya haura shekara ashirin da biyar, ya iya wasa, a da shi ke riga kowa zuwa kuma sai an kashe janareto yake tashi. Yanzu sai ya karɓi hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, ya buga wasa ɗaya, ya ajiye ya ce gem ya fita ransa. Aljihunsa lafiya lau, ƙwallo ma yana kallonta. Abin da ya gajiyar da shi yana cikin yadda ake ƙera wasannin yanzu, kuma mai shagon da bai gane haka ba zai yi ta zuba jari a inda mutane ke gudu.

A zamanin PS2 da PS3 faifai kake saya, abin da ke ciki kuma naka ne. Yanzu kamfani so yake ka shigo kullum. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ultimate Team, wani sashe na wasan ƙwallon FIFA, wanda kamfanin EA ya fara a 2009. Kana haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa, katunan kuma daga fakiti suke fitowa, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Ko ka biya kuɗi, ko ka biya da awanninka. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan fakiti caca ne, a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin sayensa a ƙasar. Abin da ya fi cin rai shi ne ƙarshen Satumba: sabon bugu ya fito, ƙungiyar da mutum ya shekara yana ginawa ba ta binsa, ya koma farko. Canza sunan wasan daga FIFA zuwa EA Sports FC da aka yi a 2023 bai taɓa wannan tsari ba.

Sai gasar ƙarshen mako. A FIFA 17 wasa 40 ake so ka buga daga Juma'a zuwa Lahadi. Ka sa kowane wasa minti 15 kawai, awa goma ke nan a zaune, ban da jiran abokin karawa. Kamfanin da kansa ya yi ta ragewa, zuwa 30, zuwa 20, har 15. Ba a rage kayan da ba su yi wa jaki nauyi ba.

A waya ma haka zancen yake. PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile duk suna tafiya ne zango-zango: ayyukan yau, ayyukan mako, tikitin zango da ka saya wanda in ba ka kammala ba kuɗinka ya tafi, da matsayi da ake sauke ka daga kansa in sabon zango ya shigo. Ga 'yan tawaga a guruf ɗin WhatsApp suna cigiyarka ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in ka yi fashin kwana uku a cire ka. Ga zagi a makirfo, ga masu maguɗi da ke harbi ta cikin bango. Wasa ya koma aikin da ba albashi.

Mu kuma a nan muna da ƙarin namu, wato jinkirin netwok. Wasan da ke tafiya hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 17 ne kusan. Idan saba, wato kwamfutar kamfani da ke haɗa 'yan wasa, tana Turai kuma jinkirinka ya kai milisakan 120, abokin karawarka da ke kusa da ita ya riga ka da hoto shida ko bakwai. A ƙwallo wannan ya isa a ƙwace maka kafin fas ɗin ya bar ƙafa. Ɗan wasa ba ya ganin lambar, hannunsa yake zargi, ko ya zargi na'urarka. Waya daga rawuta zuwa na'ura tana rage yankewa da tsalle-tsalle fiye da Wi-Fi, amma nisan teku ba ta da maganinsa.

Sabuntawa, wato sauke gyare-gyaren wasa daga intanet, ita ce ke cin mai shago kai tsaye. Akwai wasannin Call of Duty da suka haura gigabait 100 a na'ura. Sauke gigabait 50 a layin megabit 10 yana ɗaukar awa 11, in wuta da sabis ba su yanke ba. Duk wannan lokacin kujerar ba ta kawo ko sisi, man janareto kuma yana ƙonewa, tun da aka cire tallafinsa a Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. PS5 tana jan wajen wat 200 a cikin wasa, PS4 tsakanin 80 da 140 gwargwadon samfurinta, talabijin mai inci 43 wajen 80. Haɗa da kuɗin PlayStation Plus, rajistar da ke ba da damar yin wasa ta intanet, wanda da katin dala ko fam yawanci ake biya. Kujerar wasan intanet ita ta fi tsada a shago, kuma masu zama a kanta su suka fi saurin ɓacewa.

Shi ya sa har yau PES 2021, wasan ƙwallo na kamfanin Konami, ke kan na'urori da yawa. Lokacin da Konami ta saki magajinsa, eFootball 2022, a ƙarshen Satumban 2021, wasan ya zo da ƙungiyoyi kaɗan da kurakurai masu yawa, har kamfanin ya ba da haƙuri. Mutane suka koma tsohon, ana sa masa fayil ɗin sababbin riguna da cinikin 'yan wasa ta filas. Wasan da kuma ya dogara da saba kacokan yana iya mutuwa a hannunka: kamfanin Ubisoft ya rufe sabar wasan tseren mota na The Crew a ƙarshen Maris 2024, faifan da mutane suka saya ya zama marfin kofi.

Tsarin da ke riƙe shago ba shi da wuya. In na'urori biyar ne, huɗu su zama na mutum biyu a benci ɗaya ba intanet, ɗaya ta intanet, kuma ita a caje ta da awa, ba da wasa ba. A kashe saukewa ta kai-da-kai a duk na'urorin, a yi sabuntawa da dare bayan an rufe, ɗaya bayan ɗaya. Rabin lokaci a sa minti biyar, wasa ya ƙare cikin kwata, kujera ta ba da huɗu a awa. Wanda aka ci ya tashi. Gasar mutum 16 ta sili-ɗaya-ƙwale wasa 15 ce, a na'ura biyu awa biyu da 'yan kai ta ƙare, kowa ya ga zakara da idonsa ya tafi gida. Caca kam a hana ta tun daga ƙofa, ita ke kawo faɗa da ƙarar maƙwabta wajen mai unguwa.

Hannu kuwa shi ke shan haushin ɗan wasa. In analog, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, ya fara ja gefe ɗaya da kansa, ƙurar hunturu ce ko lalacewar 'yar na'urar da ke auna motsi a ƙarƙashinsa. Fara da wanke ta da sifirit mai bushewa nan take. In jan ya dawo bayan kwana biyu, a kai wa mai gyara ya cire ta da dalma ya sa mai maganaɗisu, wadda ba ta gugar juna balle ta cinye. A ajiye hannu biyu na ko-ta-kwana a caje, kuma a rubuta kuɗin hannun da aka jefar, a manna a bango inda kowa zai gani kafin ya zauna.