Ashe ba ƙugiyar ce da laifi ba

Har yanzu in na tuna mai shagon nan sai raina ya ɓaci. Sabuwar bindigar farauta na saya a nan Texas, mai sakata, wato ƙarfen da ake ja da hannu a ɗura harsashi, an buga .223 Remington, sunan irin harsashin da take ɗauka, a jikin bututunta. Shi kuma ya turo mini kwalayen harsashi masu araha, ya ce ai duk ɗaya ne.

A filin gwajin harbi, da farko komai lafiya. Bututu na ɗaukar zafi sai sakata ta fara tauri, har sai na bugi mariƙinta da tafin hannu kafin ta ɗaga. Can sai kwanson harsashi, wanda ke saura bayan harbi, ya maƙale ƙam. Ƙugiyar da ke fisgo shi ta gutsiri leɓen gindinsa, ta dawo ta bar shi a ciki. Sandar goge bututu na zura ta baki na tunkuɗo shi.

Duk wanda na tambaya, ƙugiya yake zargi. Na sayi sabuwa na sa. Na wanke mazaunin harsashi tas da burushi, don man da masana'anta ke shafawa kan bushe ya riƙe kwanso. Matsala na nan daram, kuɗi kuma sun tafi.

Wani dattijo mai gyaran bindiga ne ya warware mini. Ko taɓa bindigar bai yi ba, ya ce in miƙo kwanson. Ya juya gindinsa ya nuna mini ɗan gicciye cikin da'ira: tambarin NATO. Harsashin soja ne, 5.56. 'Yar hular tsakiya da allura ke bugawa ta baje shafal, alamar matsi ya wuce kima. A ido girmansu ɗaya da .223, shi ya sa yake shiga ba gardama. Amma bindigar da aka yi don 5.56 tana da ɗan sarari mai tsawo gaban mazaunin kafin harsashi ya kama zanen cikin bututu. Tawa ba ta da shi, sai matsi ya hauhawa, kwanson tagulla ya kumbura ya manne da bango. Hukumar SAAMI, mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta daɗe da sa wannan haɗin cikin masu haɗari. A sa .223 a bindigar 5.56 ba laifi, akasin haka ne ba a yi. Wai duk ɗaya ne! Kuma fuskata na dab da sakatar nan a kowane harbi.

Don Allah, in sakata ta fara tauri a sabuwar bindiga, ka dakata nan take, kar ka yi ta bugunta kamar yadda na yi. Ka tsince kwansunanka, kar ka zubar, su mai gyara zai fara dubawa. Ka gwada abin da aka buga a gindin harsashi da na jikin bututu kafin ka sayi ko da ƙusa ɗaya.

Da na koma .223 na gaske, na mayar da tsohuwar ƙugiyar mazauninta. Yatsa biyu ke ɗaga sakatar yanzu, kwanso ya yi tsalle gefe.