Giwayen Yankari

Wallahi tun da na dawo daga Yankari abin bai bar raina ba. Da sassafe muka shiga daji a mota, muka ga gwanki da ɓauna daga nesa, gogon biri kuwa har ƙofar masauki yake zuwa neman abin kaiwa baki. Giwa kam sai dai kashinta da sawunta a bakin kogin Gaji. Mai yi mana jagora ya ce da sauransu, sun dai koyi gudun mutum ne.

Ai dole su gudu. Saboda haure aka riƙa harbe su a baya, a bar gawa ga ungulu. Tun 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe, amma har gobe ana kama shi a tashar jiragen ruwa ta Legas, an ɓoye cikin kwantena za a kai Asiya. Yawanci ma daga dazukan Kamaru, Gabon da Kongo ake kwaso shi, mu hanya ce kawai. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 a Abuja. Ku ƙiyasta giwa nawa ke nan, jama'a.